Intakula Mai Ruwa Ko Mai Iska: Amsa Ga Mai Hilux Daga Billiri

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Hilux mai shan gas, 3.0 D-4D ƙirar 2012, ina jigilar masara da wake da ita daga Billiri zuwa Tudun Hatsi a Gombe. Da sanyin safiya lafiya lau take ja, amma da rana ta take, musamman a Maris da Afrilu, sai ta yi laƙwas a hawa. Wani abokina ya ce in cire intakula mai iska in sa mai ruwa, wai ita ake yayi a motocin zamani. Mene ne bambancinsu, kuma in sauya?
Daga mai karatu, Billiri.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sauya. Ga dalilina.

Aikin tobo shi ne ya danna iska cikin inji da ƙarfi. Iska kuwa da an matse ta sai ta ɗau zafi. Taɓa gindin famfon keke bayan ka yi wa taya iska, za ka ji. A ranar da Gombe ta kai digiri 40, iskar da ke fita daga tobo in mota na jan kaya tana iya wuce digiri 120. Iska mai zafi ba ta da kauri, iskar shaƙa da ke cikinta kaɗan ce, gas ba ya ƙonewa yadda ya kamata. Shi ya sa aka sa intakula tsakanin tobo da inji, ta huce iskar kafin ta shiga.

Irin taka kamar ƙaramin lagireto take: iskar tobo na bi ta ciki, iskar gari na bugun ta ta waje. Ba famfo, ba waya, ba ruwa. Ita kuwa mai ruwa, iskar tobo tana ratsa wani akwati da ruwa ke zagayawa, famfon lantarki ya tura ruwan zuwa wani lagireto na daban a gaban mota, can ya huce ya dawo. Abokinka bai yi ƙarya ba. Kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafi kusan ninki huɗu na kilo ɗaya na iska, kuma da yake akwatin a jikin inji yake, hanyar iska gajera ce, kana taka totur mota ta amsa. Lexus NX200t da ita ta zo, haka injin 1.4 TSI na Volkswagen da B58 na BMW. A cunkoso ma ta fi jurewa na ɗan lokaci.

Sai dai abin da ba a faɗa maka ba: shi ma ruwan nan iskar gari ce ke sanyaya shi a ƙarshe. In ka yi doguwar tafiya da buhu goma sha biyar a baya, ruwan zai ɗumama, kuma daga nan ƙarfin lagiretonsa ne kawai zai cece ka. Duk cikinsu babu wadda za ta sauke iska ƙasa da zafin gari. Wato Afrilu dai Afrilu ne ga kowace.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da muke zubawa. A bara an kawo min wata mota mai irin wannan tsari garejina, maigidan ya shekara yana cika tankinta da ruwan rijiya maimakon ruwan kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman mai hana tsatsa. Gishirin ruwan ya ci alminiyon akwatin, ya yi ɗan huji, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa. Wata safiya ya murza makulli, sandar fistin ta lanƙwashe, sai da aka sauke inji. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin galan ɗaya na kulan da ya hana wannan asara. To wannan fa haɗin kamfani ne. Ina ga wanda za a ƙera maka a bakin titi, a ja wayar famfo daga inda aka ga dama? Ranar da famfon ya mutu tsakanin Kumo da Gombe, babu abin da zai sanar da kai sai baƙin hayaƙi.

Ni na fi zargin taka ta toshe ne. Intakular Hilux ɗin nan a saman inji take, ƙarƙashin hancin da ke kan bonet. Ɗaga bonet ka duba robar da ke haɗa hancin da ita. Sau da yawa nakan tarar ta yage ko an jefar da ita wajen gyaran jiki, iska na shiga tana watsewa gefe. Sannan ka haska tocila ta tsakanin siraran haƙarƙarinta. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin hatsi in suka haɗu da danshin baƙin mai sai su zama kamar yaɓe. A wanke ta da ruwa a hankali. Injin wankin mota mai ƙarfi yana kwantar da haƙarƙarin. In an kwance ta an ga mai ya taru a ciki, a ɗauraye da kalanzir, a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar, domin injin gas yana iya zuƙar ragowar ya ruga da kansa.

Ka sa a bi robobin iska ɗaya bayan ɗaya. Inda ka ga jiƙar mai kusa da kilif, ko kana jin huci in ka taka, nan ƙarfinka yake zurarewa. A duba matatar iska, a kuma buɗe bakin manifol, wato bututun da ke raba iska zuwa kowace silinda, don wannan injin yana tara baƙin toka daga bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, har hanyar ta ƙuntata.

In an yi duk wannan kuma har yanzu tana kasawa a hawa, sai a mayar da ita gaban lagireto, a sa wadda ta fi girma, amma dai mai iska, ta rabu da turirin inji. Kafin nan, ka riƙa sauko da giya tun kafin hawan ya ci ƙarfinta, kuma lodi mai nauyi ka fita da shi bayan sallar asuba.