Ku Tambayi Gwaggo: Kare, Lambun Bayan Ɗaki da Tukunya

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan kamar kun haɗa baki, saƙonnin da suka shigo rabi kan kare ne rabi kan shuka da ta ƙi yi, kuma ban yi mamaki ba tunda bazara ce, zafin Katsina bai bar mutum ba balle dabba da ganye. Masu tambayar kishiya da dangin miji ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Gwaggo barka da aiki, dan Allah ki taimaka man kaina ya ɗau zafi. Maigida ne ya kawo mana kwikwiyo bara bayan ɓarayi sun hauro sun kwashe batirin sola da tukunyar gas, yara suka sa mashi suna Durwa, to yanzu ya girma kuma gaskiya tunda ya fara haushi ba wanda ya sake hauro mana katanga, amma ina da ɗan lambu bayan ɗaki na shuka alayyahu da rama da zogale da attaruhu, wannan karen kullum rana ta take sai ya je ya tone ya kwanta ciki, na buga na gaji. Ga Hajiya mahaifiyar maigida tunda ta ji ta ce ba ta ƙara cin abincin gidanmu wai gidan kare mala'iku ba su shiga. Kuma kwanan nan ya rame duk da kullum nike zuba mashi ragowar abinci. Mi zan yi? (Uwargida, Ƙofar Ƙaura, Katsina)

AMSA: 'Yata ki fara aje bulalar nan tukuna. Karen ba mugunta yake miki ba, sanyi yake nema. Kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa kike ganin harshe a waje, to a watan Afrilu da zafi ke kai maki 40 a ma'auni siminti ya zama wuta, duk gidan ina ne ƙasa ke da laima? Inda kike ba ruwa safe da yamma. Ko kin doke shi gobe zai koma. Ki nemo masa lungu mai inuwa, a zuba yashi, ki riƙa kwara masa ruwa da hantsi, ki aje kwanon ruwan sha da ba ya yankewa. Lambun kuma a zagaye shi da wayar kaji ko kara ko tsohuwar zana, tsawon da ya kai ƙugu ya isa. Za ki ga ya koma tonon wurinsa da kansa. In da sarƙa kuke ɗaure shi, dan Allah kar a ɗaure shi inda rana za ta zagayo ta same shi ba wurin gudu, zafi na kashe kare.

Ramewar da karen ya yi kuma daga kwanonki nake zargi. Ragowar abincinmu ya ƙunshi me? Miya mai albasa da tafarnuwa da yaji da magi. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare a hankali, ba rana ɗaya ba, sai dai ki ga ya yi laushi, dadashinsa ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Ki ɗebar masa tuwo ko shinkafa kafin a zuba miya, ki haɗa da ɗan kayan ciki da aka tafasa ba gishiri (ki yi magana da mahaucinku, abin da suke zubarwa ma ya ishe shi), ko dafaffen ƙwai, kabewa, dankalin Hausa. Sau 2 a rana ya isa babban kare. Ƙashin kaza da aka dafa kar a ba shi, yana tsagewa ya soke shi a maƙogwaro ko hanji. Yara kuma a hana su ba shi cakulan da inabi, goro ma haka, don na san akwai tsofaffin da komai suka tauna sai sun jefa wa dabba. Sannan a kai shi asibitin dabbobi a ba shi maganin tsutsar ciki, duk wata 3 ake maimaitawa. Kashinsa kuwa a kwashe a binne nesa da lambu, ba taki ba ne, ƙwan tsutsa ne ciki kuma yaranki a ƙasar suke wasa, alayyahun nan kuma tukunya zai shiga.

Maganar Hajiya ita ce mai nauyi, kuma ba ke za ki yi ta ba, ɗanta zai yi. Hadisin da ta kawo ingantacce ne, ba ta yi ƙarya ba. Amma akwai wani hadisin da ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu idan akwai tsoron ɓarayi. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai kwanon da ya sa baki a wanke sau 7. Har malamai kan ba da labarin Ibn Abi Zaid mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi ya aje kare, aka ce masa ai Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai aje. To maigida ya samu malamin da Hajiya ke jin maganarsa su je tare a yi mata bayani cikin ladabi. Ke naki shi ne ta zo ta gani da idonta: kare na can zaure ko bayan gida, ba ya shiga ɗaki, ba ya leƙa kicin, kwanonsa daban soson wankinsa daban. Yawancin iyayenmu ƙyanƙyami ne ya fi damunsu, in suka ga tsafta rabin faɗan ya mutu. Kar kuma ki fasa aika mata abinci ko da za a dawo da shi.

TAMBAYA: Gwaggo karen maƙwabcinmu ya ɗan karci yarona a ƙafa da haƙori suna wasa, ba wani jini sosai, mai karen ya ce a ƙona gashin karen a shafa shi ke nan. Kwana biyu ke nan yaron lafiya lau. In bar shi? (Magidanci, Daura)

AMSA: Malam kar ka bar shi, yau ɗin nan ka ɗauke shi zuwa babban asibiti, ko mujallar nan ba sai ka gama karantawa ba. Lafiya lau ɗin da kake gani ba shaida ba ce, ciwon haukan kare yakan kwanta a jiki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda wani lokaci har shekara, kuma ranar da alamu suka fito, tsoron ruwa da fizge-fizge, kusan ba mai tashi. Kafin alamun kuwa allura na tare shi tsaf. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, saboda su ne masu wasa da kare kuma su ne masu ɓoyewa don tsoron faɗa.

Abin da ake yi nan take in kare ya ciji mutum ko ya karce shi ko ya lashi wani rauni: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba minti 15 cur, a duba agogo, ba a ɗan shafa ba. Kar a sa toka, kar a sa barkono, kar a sa gashin nan da aka ce. Allurar ba guda ɗaya ba ce, ana yin ta ranar farko da ta 3 da ta 7, wani tsarin ya wuce haka, likita zai rubuta maka ranakun, kar ka tsallake ko ɗaya don ka ga ciwon ya bushe. Ka tambaye su ta tetanus ma. Akwai tsada na sani, amma wannan na cikin abin da ake cin bashi a kansa.

Shi kuma maƙwabcin a ce ya ɗaure karen a sa masa ido kwana 10, in ya canza hali ko ya daina ci ko yawu na dalala ko ya mutu a gaya wa likitan dabbobi da asibiti nan take. Ka tambaye shi katin rigakafi. Kare ana masa allurar hauka yana wata 3, sannan duk shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato ma tana haɗa ta a nan ƙasar, kuma wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan samu wuraren da ake yi kyauta. Wanda ba zai iya wannan ba gaskiya bai kamata ya aje kare a cikin mutane ba, in ya ji haushi ka ce Gwaggo ce ta faɗa. Uwargidan Ƙofar Ƙaura da ke nake har ke, ban ga kin ambaci allurar Durwa ba.

TAMBAYA: Na ga ana ta noman buhu a Facebook nima na cika buhu na shuka tumatir a watan Maris, ya tashi ya yi kore shar har fure yake amma furen sai ya zube ba ɗa ko ɗaya, 'yan biyun da suka fito kuma gindinsu ya yi baƙi. Ko baki ne Gwaggo? (Amarya, Sabuwar Unguwa, Katsina)

AMSA: Ba baki ba ne amarya, lokaci ne kika saɓa. Tumatir ɗan sanyi ne, da zafin rana ya haura maki 35 dare ma ba sauƙi, furen ba ya ɗaukar ɗa sai ya kaɗe. Ki duba manoman rani na Ajiwa da Jibiya da Ɗanja, ƙarshen damina suke yafa iri, ya yi kamar wata guda su dasa, hunturu ya raina musu shi, shi ya sa Janairu da Fabrairu kwando ke araha kowa na yanka kauɗa. Baƙin gindin kuma ban ruwa ne ba tsari, yau ki cika gobe ki manta, buhu kuma saurin bushewa gare shi. Yanzu ki tumɓuke ki sa kuɓewa, ita zafin take so, cikin wata 2 kin fara tsinka, ko alayyahu da mako 3 zuwa 4 ya isa yanka. Ƙasarmu yashi ce ba ta riƙe ruwa, ki haɗa kashi 2 ƙasa kashi 1 takin akuya ko na shanu wanda ya ruɓe ya huce (ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake), ki huda gindin buhun, ki rufe saman da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk ki tara musu, na omo ne kawai banda. In ƙwari suka taso ki daka 'ya'yan bedi ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki ɗan goga sabulu ciki ki fesa da yamma. Tumatir sai Oktoba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Kwaɗon zogalena ɗaci yake yi maigida ba ya ci, alhali na masu talla yana cinyewa tas. (Daga Mashi)

AMSA: Tsohon ganye kike tsinka. Ki sare kan bishiyar daidai ƙirjinki ta yi sabon toho, shi za ki riƙa ɗiba, ki zage sandunan tas don su ma suna ƙara ɗaci. Ruwa ya tafasa kafin ki zuba, kanwa 'yar mitsitsiya ko ma babu, in ta yi yawa ganyen ya dame ya yi baƙi amfanin ma ya ragu. Ya dahu ki tsane ki matse sosai. Masu tallan kuma ba wani asiri suke ba, ƙuli-ƙuli ne ba sa rowarsa, da man gyaɗa mai ƙamshi da ɗanyen tumatir da albasa da ɗan tsamin lemo. In za ki shanya na dambu a inuwa za ki shanya, kar rana ta taɓa shi.

TAMBAYA: Kaska ta cika kunnen karena ƙuda kuma sun cinye bakin kunnen har jini, abokina ya ce in fesa mashi fiya-fiya. (Ɗalibi, Daura)

AMSA: Ɗana kar ka soma, fiya-fiya ta fata take shiga, kuma zai lashe, kashe shi za ka yi tare da kaskar. Ka je wajen likitan dabbobi akwai maganin wanka da na ɗigawa a ƙeya da ake aunawa da nauyin karen. Wadda ta maƙale ka kama ta daf da fata ka ja a hankali kar kan ya rage ciki, ka jefa a kananzir, ka wanke hannu. Ka share makwancinsa da tsagun katanga don can suke ƙwai. Kunnen ka wanke da ruwan ɗumi da ɗan gishiri ka laɓta masa basilin ko man kaɗe safe da yamma, ƙuda ba sa samun wurin cizo. Kuma ko ka ga yana jin ciwo kar ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen lalata masa ciki da ƙoda suke.

Mai tambayar yadda ake hana miyar kuɓewa tsinkewa, saƙonki ya iso a makare, amma a taƙaice kar ki rufe tukunya bayan kin zuba ta, kar ta haɗu da tsami, sauran bayanin sai wata mai zuwa.