Amsa: Jan keken yaro da igiya

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka ɗaura keken ɗanka mai shekara 5 a bayan naka da igiya idan kun fita da yamma. Don Allah ka bar maganar igiyar nan. Kana taka birki igiya za ta saki, yaron ya afka wa tayarka ta baya, ko ta naɗe cikin wayoyin taya. Na taɓa gwadawa da 'yata a wani lungun Birni, yashi ya riƙe tayarta ta gaba, ni kuma ina ta ja. Gwiwarta ta sha jiki, har yau abin na damuna.

Abin da ke aiki sandar ƙarfe ce, irin ta Trail-Gator: ana kama ta a ƙarfen sirdinka, ta ɗaga tayar gaba ta keken yaron daga ƙasa, kai kaɗai ke juya kan keke. In mai walda zai ƙera maka, mahaɗin ya riƙa motsi sama da ƙasa, hagu da dama, amma kar ya murɗe, in ba haka ba keken zai kwanta gefe.

Ka sa masa hular kwano, kuma ku guji babban titi wajen Zango lokacin da 'yan kabu-kabu suka cika shi.