Wayata ta ce 38, ta abokina ta ce 41, wacce ce mai gaskiya?

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Manhajar yanayi ta wayata tana nuna digiri 38, ta abokina kuma 41 alhali muna zaune wuri ɗaya, ni kuma zafin da nake ji ya fi duka biyun. Wayar ce ta samu matsala ko duk shaci-faɗi ne?

Amsa: Wayarka lafiyarta ƙalau. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wayar ba ita ke auna zafin wurin da kake ba, yawancin wayoyi ma'aunin zafin da ke cikinsu na batir ne da injin wayar kawai, lambar nan da kake gani ta intanet ta zo. Manyan kwamfutoci ne ke yin lissafin da tsare-tsaren hasashen yanayi, irin su GFS na Amurka da ake sabuntawa sau 4 a rana, da na cibiyar Turai ECMWF mai hedikwata a Ingila, kuma suna yanka duniya ne gida-gida, na Turai kowane gida faɗinsa kusan kilomita 9, to ka ga kai da ke tsakiyar siminti da kwalta da wanda ke can cikin bishiyoyi kusan lamba ɗaya za a ba ku. In taka ta ɗauko daga tsari ɗaya, ta abokinka kuma daga wani tsarin, shi kenan bambanci ya fito.

Shi kuma jikinka bai yi ƙarya ba. A inuwa ake auna zafin iska, kamar mita 2 daga ƙasa, tsayuwa cikin rana kan iya ƙara har digiri 8 a kan yadda jiki ke ji, in kuma iska na da danshi gumi ba ya bushewa sai abin ya ƙara tsanani. Ka duba ƙasa kaɗan a manhajar akwai inda suke rubuta yadda jiki zai ji zafin, ni wannan nake fara dubawa kullum.

Tambaya: Akwai manhajar da ke nuna min yanayin kwana 30, sannan ana ta turo saƙo a WhatsApp wai zafin bazarar bana sai ya fi na kowace shekara. In yarda?

Amsa: Gaskiya wannan na kwana 30 yana ɓata min rai, domin yana sa mutane su daina yarda da hasashen gaba ɗaya har da mai kyan. NOAA, hukumar kula da yanayi da teku ta Amurka, da kanta ta ce hasashen kwana 5 yana dacewa kusan kashi 90 cikin 100, na kwana 7 kusan kashi 80, daga kwana 10 zuwa sama kuwa rabi da rabi ne. Tun 1963 wani masanin yanayi ɗan Amurka, Edward Lorenz, ya nuna dalili, ɗan kuskure ƙanƙani a awon farko yana ta ninkuwa har ya lalata lissafin, shi ya sa in an wuce kamar sati 2 ba mai iya ce maka ranar kaza digiri kaza. Abin da suke cike sauran kwanakin da shi galibi matsakaicin shekarun baya ne.

Hasashen bazara sukutum wani abu ne daban, masana na duba zafin ruwan teku da irin su El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke sauya yanayin duniya, sai su ce akwai yiwuwar bana ta fi yadda aka saba, yiwuwa fa suka ce, ba su sa rana ba. Kuma kar a raina shi, duniyar na ɗumama da gaske, 2024 ta karya tarihin zafi na duk shekarun da suka gabace ta tun da aka fara ajiye awo. Saƙon WhatsApp ɗin dai in ba sunan hukumar yanayi ta ƙasarku da kwanan wata kar ka tura wa kowa, ka shiga shafin hukumar da kanka ka duba, sannan ka kunna sanarwar gargaɗin tsananin zafi a saitin manhajar in tana da shi.