Amsa ga mai tambaya kan sa yaro kulob ɗin kurket a Burnley

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da zuwa yankin Lankasha na Ingila, Allah ya sa kin sauka a sa'a. Na ga tambayarki: yaronki mai shekara tara ya dawo daga makaranta da takardar kulob ɗin kurket na unguwa, ya hana ki sakat, ke kuma ba ki san kan wasan ba. Kina son jin lokacin da ake yi, abin da suke da shi a wurin, abin da zai ci miki, da kuma ko wuri ne da ɗan Musulmi baƙar fata zai sake. Na ga masu cewa ki bar shi da ƙwallon ƙafa, kurket wasan tsofaffin Turawa ne. Ban yarda da su ba. Yarana a irin wannan kulob suka tashi, a wani gari kusa da ku, kuma har yau ni ke riƙe wa ƙananan yara littafin maki.

Ki kai shi. Amma ki sani tun yanzu, ba wurin da za ki ajiye yaro a bakin ƙofa ki juya ba ne. Kulob ɗin unguwa a nan aikin gayya ne. Mai horar da yaran da rana direban bas ne ko malamin firamare, mai yanke ciyawa ɗan fansho ne, ma'ajin kulob wata tsohuwa ce da mijinta ya buga wa ƙungiyar tun kafin a haife mu. Kusan babu mai karɓar albashi. Uwar da ake ganin fuskarta, ta ɗauki tire ko ta kwashi yara uku a motarta ranar wasan waje, ita ce ake sanin ɗanta.

Kakar wasa gajeriya ce, daga tsakiyar Afrilu zuwa Satumba, domin wasan ba ya yiwuwa a ruwa ko a duhu. Kafin nan, daga wajen Janairu, ana atisaye a rufaffen ɗakin wasanni na wata makaranta, cikin raga da aka ja kamar lungu, mai jifa a wannan kai, mai bugu a wancan. Idan an fito fili a Afrilu kada hasken rana ya ruɗe ki, sanyi ne mai shiga ƙashi, ki tafi da bargo da fulas ɗin shayi. Yuni da Yuli ne daɗin abin, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, yara su yi wasansu bayan makaranta su gama ido na ganin ido. Manya suna buga nasu Asabar ko Lahadi, tun daga azahar har yamma liƙis, ga kuma gajeren wasan da ake kira T20 da yammacin Juma'a, wanda shi ya fi tara jama'a. Ruwan sama kuwa sai haƙuri. Za ki yi shiri, ki tuƙa mota zuwa wani gari, ku zauna kuna kallon sama, a ƙarshe alƙalan wasa su fito su taka filin su ce an fasa.

Tunda shekararsa tara, shirin Dynamos ya dace da shi. Hukumar kurket ta Ingila da Wales ce ta tsara shi don 'yan takwas zuwa sha ɗaya, akwai kuma All Stars na 'yan biyar zuwa takwas idan yana da ƙane ko ƙanwa. Da ƙwallo mai laushi ake yi, kuɗin rajista ba shi da nauyi, har riga ake ba yaro mai sunansa. Kada ki saya masa komai tukuna. Kashe kuɗi yana zuwa ne ranar da ya koma ƙwallo mai tauri. Ita wannan toto ce a ciki aka naɗe da fata aka ɗinke, ta manya nauyinta wajen giram 160, ta yara ba ta kai haka ba, idan ta sami yatsa sai an ji a jiki. Lokacin ne zai buƙaci hular kwano, wadda dole ce ga duk wanda bai kai sha takwas ba, da safar hannu, da kariyar ƙwauri, da ta gaba, da bat, wato sandar bugu, na itacen wilo. Ko a nan ma ki fara tambayar jakar kulob. Kowane kulob na da tarin kayan da yara suka girme wa, kuma iyaye na miƙa wa juna. Sabon bat mai tsada ga yaron da zai ƙara tsawo kafin baɗi asarar kuɗi ce.

Game da kayan aiki, kada ki auna kulob da kyan gininsa. Ki dubi tsakiyar fili. Akwai wani murabba'i da ciyawarsa ta fi ta ko'ina gajarta, a cikinsa ake fitar da zirin da ake wasa a kai, tsawonsa yadi 22 tsakanin turaku uku na nan da uku na can. Duk wahalar kulob a kan wannan wurin take ƙarewa. Dattijon da ke kula da namu yakan zo tun da sassafe, ya durƙusa ya danna ƙasar da babban yatsa, wani lokaci ya soka mukullin motarsa don ya ji taurinta, sannan ya hau rola ya yi ta kai da komo a hankali kamar ba ya so. Idan hadari ya haɗo, za ki ga 'yan wasa da 'yan kallo sun ruga suna turo rumfuna masu taya su rufe zirin. A ƙarshen Satumba a kankare tsohuwar ciyawa, a zuba iri, a bi da ƙasa mai yumɓu, a kewaye da igiya har bazara. Idan kin ga wannan wuri a gyare, ragar atisaye ba huji, farin allon da ke kowane ƙarshen fili an yi masa fenti, to kulob ɗin na da hannaye. Abu biyu kuma ki gaya wa yaro tun a gida: ba a taka murabba'in nan da takalmin gida, ba a kuma gilmawa ta gaban farin allon idan mai jifa ya taho, domin da shi mai bugu ke ganin ƙwallo. Dattijon da bai taɓa ɗaga murya ba zai daka maka tsawa a kan waɗannan.

Ni ta hanyar littafin maki na koyi wasan, kuma shi nake ba ki shawara idan kina da natsuwa. Ana zama a wani ɗan ɗaki mai taga da fensir, ke da mai rubuta wa ɗaya ƙungiyar. Kowace jifa sai an rubuta ta. Wadda ba a ci komai ba ɗigo ne, jifa shida su ne oba ɗaya, alƙali na ƙirga su da tsakuwa shida da yake mayarwa daga wannan hannu zuwa wancan. Ƙwallo ta gangara ta haye igiyar iyaka, maki huɗu. Ta haye a sama, shida, alƙali ya ɗaga hannu biyu, kuma ba zai bari a ci gaba ba sai kin ɗaga naki hannun alamar kin gani. Ya ɗaga yatsa ɗaya, mai bugu ya fita ke nan, babu gardama, sai ya saɓa bat ɗinsa ya nufi ɗaki ko da yana ganin an zalunce shi. Wannan ɗabi'a kaɗai ta ishe ni dalilin sa yaro a wasan.

Yanzu maganar ko zai sake. Ki shiga ɗakin kulob ki dubi bango. Garuruwan nan namu, Burnley, Nelson, Accrington, Bacup, Haslingden, Rishton, garuruwan masaƙar auduga ne a da, kuma tun 1892 suke da gasarsu ta Lankasha. Al'adar gasar ita ce kowane kulob ya ɗauko ƙwararre guda ɗaya ya biya shi, sauran goman 'yan gari ne masu sana'arsu. Ta haka manyan duniya suka zo suka buga a filayen da ke bayan gidajen ma'aikata. A 1929 Nelson ta ɗauko Learie Constantine, baƙar fata daga Tirinidad, lokacin da yawancin mutanen garin ba su taɓa zama da baƙin mutum ba. Farkon zuwansa ya sha kallo da maganganu. Ya buga musu har 1937, a kaka tara suka ɗauki kofi bakwai, dubban mutane na cika filin Seedhill don ganinsa. Shi ne wanda wani otal a Landan ya ƙi ba shi masauki saboda launinsa, ya kai su kotu ya yi nasara a 1944. A 1969 ya zama baƙar fata na farko a majalisar dattawan Birtaniya, kuma sunan Nelson na cikin sarautar da aka ba shi.

Bayansa aka yi ta zuwa. Everton Weekes na Barbados ya daɗe a Bacup tun daga 1949. Clive Lloyd ya buga wa Haslingden. Charlie Griffith ya fitar da masu bugu 144 a kaka ɗaya a Burnley a 1964. Kapil Dev na Indiya ya zo Nelson, Viv Richards ya sauka Rishton a jirgi mai saukar ungulu a 1987, tsofaffi har gobe suna ba da labarin, Shane Warne na Ostireliya kuma ya yi kakar 1991 a Accrington tun duniya ba ta san shi ba. Akwai al'adar zagayawa da akwati a tara wa ɗan wasa kuɗi idan ya ci maki hamsin ko ya yi ɓarna da jifa, wasu kulob ɗin ba su daina ba. Na gida kuma, James Anderson ɗan garinku ne, a kulob ɗin Burnley ya tashi, ya yi ritaya daga buga wa Ingila a 2024 bayan ya fitar da masu bugu 704 a manyan wasannin kwana biyar, babu mai jifa da gudu da ya taɓa kai haka. Filin nasu na jikin Turf Moor, filin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Burnley. Masu cewa ki bar yaro da ƙwallon ƙafa su sani, 'yan kurket ne suka gayyato ƙungiyar ƙwallon ƙafar zuwa wurin a 1883.

Ba ina ce miki babu wariya ba. Wariyar launin fatar da tsohon ɗan wasa Azeem Rafiq ya fallasa a kulob ɗin Yorkshire a 2020 da 2021 ta girgiza wasan gaba ɗaya, kuma ƙananan kulob ba mala'iku ba ne. Wurin da muka fara zuwa, wanda ba zan kama suna ba, ba a taɓa gaya mana baƙar magana ba, amma yaron yakan yi yini a can gefen iyaka yana tsaron ƙwallon da ba ta zuwa, bugu kuma kullum shi ne na ƙarshe, 'ya'yan 'yan kwamiti na gaba. Muka tattara muka koma wani. Abin da za ki lura da shi ke nan: shin ana juya yaran, kowa ya yi jifa ya yi bugu? Idan wata guda ya wuce ba a ba shi ƙwallo ya jefa ba, ki yi wa mai horarwa magana cikin lumana, idan ba a gyara ba ki canza. Kulob ɗin sun yi yawa a yankin nan, kuma su ke neman yara.

Ta fuskar addini, kin zo inda ya fi sauƙi. Burnley da Nelson da Blackburn cike suke da 'yan asalin Pakistan da Bangaladash, su kuwa kurket a jininsu yake, a ƙungiyoyin yara da yawa su ne rabi ko fiye. Moeen Ali da Adil Rashid da gemunsu suka buga wa Ingila. Sai dai ki san cewa kusan kowane kulob na da mashaya a cikin ginin, da cinikinta da hayar zauren biki ake biyan wuta da mai na rola. Ba mai tilasta miki shiga, mu a waje muke zama kan benci. Akwai hutun shayi tsakanin ɓangarori biyu na wasan manya, kuma sanwic ɗin naman alade ba ya rasa hawa tebur, don haka ki faɗa musu tun farko, ko ki haɗa masa nasa. Ni da aka sa ni a jerin masu kawo abinci, dafa-duka na kai da ƙosai, tun daga ranar kuma ba su bar ni na huta ba. Salla a ɗakin canza kaya ake yi ko a gefen fili, ban taɓa ganin wanda ya ɗaga gira ba. Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa kafin a fito fili, sai dai ya haɗu da atisayen raga.

Kin ce kina da 'ya mace. Ki tafi da ita. Yawancin kulob yanzu na da rukunin 'yan mata, kuma ki nuna mata cewa 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da sha tara sun doke New Zealand a gasar cin kofin duniya a Malesiya a Janairun 2025. Mazanmu ma sun je tasu a Afirka ta Kudu a 2020.

Ranar farko ki nemi jami'in kare yara daga cutarwa na kulob, dole ne kowane kulob mai rajista ya kasance da shi, yawanci sunansa da hotonsa na manne a allon sanarwa. Ki tambaye shi ko an tantance masu horarwa ta DBS, hukumar da ke binciken tarihin laifin masu aiki da yara, ki karɓi jadawalin wasanni, ki sa a saka lambarki a zauren WhatsApp na iyaye, domin a can ake sanar da fasa wasa idan ruwa ya sauko. Idan aikinki na dare ne ko na ƙarshen mako, ki faɗa musu gaskiya, akwai iyayen da za su riƙa ɗaukar miki shi, ke kuma ki rama ranar da kike hutu. Ki yi min magana ta akwati in kin shirya, akwai hular kwano da safar hannu na ƙaramin ɗana a ajiye, ina jin za su yi masa nan da baɗi.