Ɗigon ja a kan salula: me ya sa ido ba ya iya ƙyale shi?

Tambaya daga wani mai sayar da atamfa a kasuwar Tawa: Malam, ina tsakiyar ciniki ko lissafi, da na hango ɗan ɗigon nan a kan WhatsApp ko Facebook sai idona ya tafi can, alhali na san yawanci gaisuwar safe ce a guruf. Rashin haƙurina ne, ko haka aka ƙera wayar?

Amsa: Alhaji, horo ne idonka ya sha ba tare da saninka ba. Inda ido ke gani tar bai wuce faɗin babban yatsanka ba idan ka miƙe hannu. Shi ya sa yake tsalle sau 3 zuwa 4 a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuma ita ke zaɓar inda zai sauka. Tana duba abin da kake nema da abin da ya fita daban, amma tana kuma tuna abin da ya taɓa kawo maka riba.

An gwada wannan a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, inda Brian Anderson da abokan aikinsa suka fitar da sakamako a 2011. Sun sa mutane neman da'ira ja ko koriya a allon kwamfuta. Launi ɗaya yakan kawo kuɗi mai ɗan kauri, ɗayan kaɗan. Daga baya aka daina biya, aka ce su nemi wata siffa daban, launi ba shi da sauran amfani. Duk da haka, da launin da ya saba kawo kuɗi ya bayyana, sai a ga sun ɗan yi jinkiri, domin hankalinsu ya fara leƙawa can. Da aka sake gwada wasu bayan fiye da wata 6, abin bai gushe ba.

Akwai ƙari. Masanin ƙwaƙwalwa Wolfram Schultz ya nuna a kan birai, a aikin da aka buga a 1997, cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin dofamin sun fi motsawa idan lada ta zo ba zato. Idan dabba ta koyi alamar da ke gabatar ladar, motsin sai ya koma kan alamar kanta. To ɗigon nan alama ce. Sau da yawa shirme ne a bayansa, amma jefi-jefi mai sayen turmi goma ne, ko labarin an turo kuɗi. Wannan rashin tabbas shi ya fi kama mutum, kuma masu ƙera manhajoji sun san da haka sarai.

A ganina yin kokawa da ido ɓata lokaci ne, gara ka cire alamar. Shiga Paramètres, sannan Notifications, ka zaɓi manhajar, ka kashe ɗigon. A iPhone sunansa Pastilles. A Tecno, Infinix, itel ko Samsung sunan yakan bambanta, ka nemi Badge ko Pastille. A WhatsApp, danna guruf ka riƙe, ka sa shi shiru: za a ba ka awa 8, mako 1 ko kullum, ɗauki kullum. Abokan ciniki na gaske kuwa ka ba su ƙara ta daban, don kunne ya tantance kafin ido ya motsa. Kwanakin farko za ka riƙa buɗe wayar haka kawai, kada ka ce dabarar ba ta ci ba. Ɗabi'ar da aka koya da lada ta jefi-jefi ita ce ta fi jinkirin mutuwa.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Yamai: An ce in mayar da allon wayar ɗana baƙi da fari. Yana aiki?

Amsa: Malama, yana ragewa, domin launin da idonsa ya saba bi ya ɓace. A yawancin wayoyin Android ana samunsa cikin Bien-être numérique ko Accessibilité, a iPhone kuma Accessibilité, sannan Filtres de couleur. Sai dai ido yana koyon wuri kamar yadda yake koyon launi: yaron ya san TikTok na kusurwar ƙasa ta dama ko da toka-toka ne. Don haka ki ɗauke manhajar daga shafin farko, ki sa mata iyakar lokaci. Alhajin Tawa kam kada ya gwada wannan da rana, ba zai iya tantance launin atamfa a hoto ba.

Tambaya daga wani ɗan kabu-kabu a Yamai: Na ɗaura wayata a kan babur, ina dai kallonta da wutsiyar ido. Da matsala?

Amsa: Da matsala babba, ɗan'uwa. Gefen ido ba ya karanta rubutu, amma yana saurin kama haske da motsi, sai ya jawo tsakiyar idon kafin ka yanke shawara. A gudun kilomita 50 cikin awa, babur na cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, leƙen daƙiƙa 2 kuwa kusan mita 28 ke nan ba ka ga hanya ba. Kunna Ne pas déranger, wato saitin da ke sa waya shiru, kafin ka tayar da babur, ka hana allon kunna kansa idan saƙo ya shigo, ka bar kira kaɗai ya yi ƙara. In ya yi, ka gangara gefen titi ka tsaya kafin ka amsa.