Zauren Tambaya da Amsa: Idan Aka Cafe Ƙwallon Kwatabak, Laifinsa Ne ko na Tsarin Koci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, shekara uku ke nan ina bibiyar gasar ƙwallon Amurka ta NFL, duk da cewa manyan wasanninta sai dare ya raba ake nuna su a nan. Akwai gardamar da muka daɗe muna yi da wani abokina. Shi yana cewa yawan ƙwallayen da abokan hamayya ke cafewa daga jifar kwatabak ya danganta ne da gwanintarsa kawai, wanda ya iya ba a cafe masa, wanda bai iya ba kuma duk inda aka kai shi sai ya zubar. Ni kuwa ina ganin tsarin kai hari da koci ya shimfiɗa shi ne ke jefa ɗan wasa cikin hatsari ko ya kare shi. Don Allah a raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kafin mu shiga gardamar, ya kamata a yi wa sauran masu karatu ɗan bayani, domin ba kowa ne ya saba da wannan wasa ba. Kwatabak shi ne jagoran 'yan wasa goma sha ɗaya da ke kai hari, shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, kuma yawanci daƙiƙa biyu zuwa uku yake da su ya duba fili ya zaɓi wanda zai jefa wa kafin ƙattin abokan hamayya su rufto masa. Idan ya jefa, wani mai tsaron baya na ɗaya ɓangaren ya kama ƙwallon a iska kafin ta taɓa ƙasa, to hari ya ƙare nan take, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Ana auna wannan kuskure da lissafi mai sauƙi, wato a cikin kowace jifa ɗari, guda nawa aka cafe.

Ra'ayina shi ne abokinka ya fi kusa da gaskiya, sai dai kalmar da ya zaɓa ba ita ba ce. Abin da ɗan wasa ke yawo da shi daga ƙungiya zuwa ƙungiya ya fi kama da hali fiye da gwaninta, wato irin kasadar da zuciyarsa ke yarda da ita idan ya hango ɗan ƙaramin gurbi tsakanin masu tsaron baya biyu. Tsarin koci yana ɗaga wannan adadi ko ya sauke shi, wani lokaci da yawa ma, amma yana yin aiki ne a kan mutumin da ya tarar.

Babu misalin da ya fi fito da wannan fili kamar abin da ya faru a ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers cikin kaka biyu a jere. A 2019 Bruce Arians ya karɓi aikin horar da ƙungiyar, kuma an san shi da tsarin da ke buƙatar kwatabak ya riƙe ƙwallo ya jira masu karɓa su yi nisa, sannan ya cilla musu doguwar jifa. Kwatabak ɗinsa a wannan shekara shi ne Jameis Winston, wanda ya jefa ƙwallo sau 626, ya tara yadi 5,109, wato fiye da kowa a gasar, ya yi jifar ci 33, wato jifar da mai karɓa ya kama ya ci maki da ita, amma aka cafe masa ƙwallo 30. Shi ne na farko a tarihin gasar da ya haɗa jifar ci talatin da cafewa talatin a kaka ɗaya. Yadda ya cika ta talatin ɗin ma abin kallo ne. Wasan ƙarshe ne na kakar, da ƙungiyar Atlanta Falcons, an tashi kunnen doki an shiga ƙarin lokaci, kuma a jifar farko ta ƙarin lokacin Deion Jones na Falcons ya tsinkayi inda ƙwallo za ta, ya sha gaban mai karɓa, ya cafe, ya ruga da ita har gidan Tampa Bay, wato ƙarshen filinsu inda ake cin maki, wasa ya ƙare 28 da 22.

Da kakar 2020 ta zo, koci bai canza ba, manyan masu karɓa Mike Evans da Chris Godwin suna nan, amma aka kawo Tom Brady a gurbin Winston. Brady ya jefa ƙwallo sau 610, kusan daidai da na wanda ya gada, ya yi jifar ci 40, aka cafe masa 12 kacal, kuma ƙungiyar ta ƙare kakar da ɗaukar kofin Super Bowl, wato kofin zakarun gasar. Idan aka tsaya a nan, abokinka ya ci gardama, domin tsari ɗaya ne ya haifar da kashi 4.8 cikin ɗari a hannun mutum ɗaya, da kashi 2 a hannun wani.

Sai dai kada ka yi saurin miƙa wuya, domin alƙaluman nan suna da wata fuskar. A shekaru huɗun da Winston ya yi kafin zuwan Arians, kimanin kashi 3 cikin ɗari na jifarsa ake cafewa, tsarin Arians ne ya kai shi kusa da 5. Shi ma Brady a kakarsa ta ƙarshe a New England, wato 2019, ƙwallo 8 aka cafe masa cikin jifa 613, kimanin kashi 1.3, sai ga shi ya hau zuwa kashi 2 da ya shiga hannun Arians. Ka ga kenan dukansu biyu adadinsu ya ƙaru da kamar rabin abin da yake, bambancin kawai shi ne kowa daga inda ya taso. Kuma ba su kaɗai ba ne. Peyton Manning an cafe masa 28 a shekararsa ta farko, 1998, lokacin Arians ne kocin masu jifa a Indianapolis. Andrew Luck an cafe masa 18 a 2012 ƙarƙashinsa. Carson Palmer, wanda ba sabon shiga ba ne, an cafe masa 22 a shekararsa ta farko da Arians a Arizona a 2013. Da Winston ya koma New Orleans ya fara wasa a hannun koci Sean Payton a 2021, inda aka rage masa yawan jifa aka kuma tsananta masa a kan kiyaye ƙwallo, 3 kawai aka cafe masa a wasa bakwai kafin ya ji rauni a gwiwa. Duk waɗannan hujjojinka ne, kuma ba ƙanana ba ne.

Dalilin da ya sa tsari ke da wannan tasiri a bayyane yake. Ƙwallon da aka jefa nisan yadi talatin tana daɗewa a sama, mai tsaron baya yana samun lokacin juyowa ya bi ta, alhali wadda aka miƙa wa ɗan wasan da ke yadi huɗu ta isa kafin kowa ya motsa. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya san kwatankwacin haka, domin ɗan tsakiyar da ke mayar da ƙwallo baya ko gefe da wuya a ƙwace masa, wanda ke neman zura ta tsakanin 'yan baya kuwa dole ya riƙa asara. Bill Walsh ya gina sunansa a kan wannan fahimta. Tun yana mataimakin koci a Cincinnati ya tsara hari mai gajerun jifa da ake sakin ƙwallo da wuri, saboda kwatabak ɗin da yake da shi a lokacin, Virgil Carter, ba shi da ƙarfin hannun cilla ƙwallo nesa, daga baya kuma ya kai tsarin San Francisco a 1979 inda shi da kwatabak Joe Montana suka ci kofuna da shi. Shekara ɗaya kafin nan, a 1978, hukumar gasar ta hana masu tsaron baya ture mai karɓa idan ya wuce yadi biyar, ta kuma sassauta wa masu kare kwatabak yadda za su yi amfani da hannuwansu. Waɗannan sauye-sauye na doka da na dabara su ne suka sauko da adadin cafewa a gasar baki ɗaya daga kimanin kashi 5 cikin ɗari a shekarun 1970 zuwa ɗan sama da kashi 2 a yau. Shi ya sa ba adalci ba ne a gwada 'yan da da 'yan yanzu da wannan ma'auni. George Blanda an cafe masa ƙwallo 42 a 1962, Joe Namath kuma ya yi ritaya da jifar ci 173 da cafewa 220, amma dukansu suna cikin zauren gwarazan wasan.

Yanzu bari in dawo kan dalilin da ya sa na ce hali ba gwaninta ba. Brett Favre gwani ne da babu mai musu, sau uku a jere ana zaɓensa ɗan wasan da ya fi kowa a gasar, amma shi ke riƙe da tarihin yawan cafewa, guda 336, kimanin kashi 3.3 na jifarsa. Mutum ne da ya yarda da ƙarfin hannunsa har yana ganin babu gurbin da ƙwallonsa ba za ta ratsa ba. Aaron Rodgers, wanda ya gaje shi a Green Bay a 2008 ƙarƙashin koci ɗaya, Mike McCarthy, ya gwammace ya jefar da ƙwallo waje ko ma a kayar da shi da ita a hannu da ya saka ta inda ake shakka, kuma a 2018 ƙwallo 2 kawai aka cafe masa cikin jifa 597. Wannan taka tsantsan ma yana da kuɗinsa, domin a wannan kakar Green Bay wasa shida kawai ta ci, kuma aka sallami McCarthy kafin a gama ta. Ƙarancin cafewa shi kaɗai ba ya nuna cewa hari yana tafiya daidai, wani lokaci alama ce ta kwatabak da ya daina gwada jifar da ake cin wasa da ita.

Akwai kuma abu na uku da kai da abokinka ba ku ambata ba, shi ne sa'a, kuma a kaka ɗaya rabonta ba kaɗan ba ne. Cafewa abu ne da ba ya yawan faruwa, saboda haka 'yan ƙwallaye kaɗan suna sauya lissafi sosai. Wanda ya jefa sau 600 aka cafe masa 10 yana kan kashi 1.7, wanda aka cafe wa 15 yana kan kashi 2.5, ratar da ke tsakaninsu ƙwallo biyar ce kawai a cikin wata huɗu. Biyar ɗin nan tana iya fitowa daga ƙwallon da ta dira daidai a hannun mai karɓa ta suɓuce ta faɗa wa abokin hamayya, ko wadda wani ƙato ya taɓa da yatsa tun a bakin layi, ko jifar neman sa'a da ake cillawa sama idan saura daƙiƙa kaɗan a tafi hutun rabin lokaci. A ɗaya ɓangaren kuma, sau da yawa kwatabak kan jefa ƙwallo kai tsaye a ƙirjin mai tsaron baya, shi kuma ya kasa riƙewa, ba a rubuta komai ba. Nick Foles ya yi jifar ci 27 da cafewa 2 a Philadelphia a 2013, a shekarar da ta biyo, da koci ɗaya, Chip Kelly, aka cafe masa 10 a wasa takwas. Shi kansa Favre an cafe masa 22 a 2008, 7 a 2009, sannan 19 a 2010. Don haka duk wanda zai yanke hukunci a kan ɗan wasa da wannan adadi, ya tara aƙalla kaka uku ko huɗu, ya kuma duba nisan jifar da ake sa shi yi da ko ƙungiyarsa ta saba kasancewa a baya a wasa, domin wanda ake ci dole ya yi kasada.

Idan aka tara shekarun Winston haka, za a ga inda ya dosa. Bayan kakar nan ta tsanaki a New Orleans, ya koma Cleveland a 2024, hannun wani koci da wani tsari daban, aka cafe masa 12 ya yi jifar ci 13. A wasan da suka yi da Denver a watan Disamba na wannan shekara ya tara yadi 497, ya yi jifar ci huɗu, aka cafe masa uku, biyu daga ciki aka ruga da su har gidan Cleveland, suka sha kashi 41 da 32. Bayan an tashi ya shaida wa manema labarai cewa yana roƙon Ubangiji ya raba shi da irin waɗannan jifa.