Amsa ga Yayana a Katsina game da tafiyar jirgin ruwa

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Hajiya da dukan mutanen Ƙofar Sauri kuna lafiya. Saƙonka ya iso, kuma sai da na karanta shi sau biyu, domin a karatun farko tambayar kawai na gani, a na biyu ne na ji ƙayar da ke cikinta. Ka ce tun da ka ajiye aiki kana sha'awar ɗaukar Hajiya ku shiga irin jirgin ruwan da ka ga hotunanmu a ciki, kana son sanin yadda ake kama wuri da abin da ake kashewa. Sannan ka ƙara da cewa an faɗa maka a majalisa wai jiragen nan mashaya ce mai yawo a kan teku, wai mu kuma da muka daɗe a Ingila zama da maɗaukin kanwa ya riga ya kawo mana farin kai.

Ka tuna wa mutanen majalisar cewa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta ruwa ya zo Ingila a 1921, a shekarar da ya sauke farali, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya dawo da raunin Katsinanci ba. Babanmu ma, Allah ya jiƙansa, da aka turo shi kwas, jirgin kamfanin Elder Dempster ya hau daga Apapa zuwa Liverpool, tafiyar kusan mako biyu, kuma kai ka fi ni tuna akwatin ƙarfen nan mai takardar kamfanin manne a gefe, wanda Inna ta mayar ma'ajiyar zannuwanta. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya ke nan ina Southampton, garin da Titanic ya tashi a 1912, inda manyan jiragen nan suke tsayawa kamar yadda motocin Kano suke lodi a tasha, saboda haka shigarsu a wurinmu ba wani abin a zo a gani ba ne.

Maganar giya gaskiya ce, akwai ta, akwai kuma zauren caca, ba zan ɓoye maka ba. Amma jirgi mai ɗaukar mutum dubu uku ko dubu biyar gari ne guda, kuma a kowane gari mutum inda ƙafarsa ta saba nan yake zuwa. Abin da ya kamata ka lura da shi ba a mashayar yake ba, a takardar farashi yake. Kamfanonin suna sayar da abin sha a dunƙule, wato ka biya kuɗi ƙayyadadde kowace rana ka sha iya cikinka, kuma suna yawan cusa wannan tsari cikin farashin tikiti su kira shi garaɓasa. Idan ba ka duba da kyau ba, sai ka wayi gari ka biya kuɗin barasar da ba za ka ko sansana ba, ka rage wa mashaya tsada da guminka. Ka nemi farashin tikiti tsurarsa. Ko dunƙulen lemon kwalba da gahawa, wanda babu haram a cikinsa, ban cika ba da shawarar a saya ba, domin ana biyansa ne na dukan kwanakin tafiya, har da ranakun da jirgi ya tsaya kuka wuni a gari. A ce an yanka maka dala 30 a rana. Sai ka shanye kwalba bakwai ko takwas kullum kafin ka ci ribarsa, ga shi kai likita ya riga ya raba ka da sukari. Ruwan sha da shayi da gahawa ta gama-gari kyauta ne a babban ɗakin cin abinci. Mu shayi muke sha, mai ɗakina kuma tana tafiya da citta da kanumfari a ɗan gwangwani.

Idan kuma zuciyarka ba ta kwanta da zama wuri ɗaya da masu sha ba, akwai mafita wadda ta fi kusa da kai fiye da mu. Saudiyya ta kafa kamfanin Aroya, jirginsa ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, babu giya babu caca a cikinsa, akwai wurin salla, kuma mutum yana iya haɗa tafiyar da umara.

Wajen kama wuri, abu na farko biza ce, ba tikiti ba. Da fasfon Najeriya, in za ka tashi daga nan zuwa Sifaniya ko Norway, kana buƙatar bizar Ingila da kuma ta Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai, dukansu masu ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, kuma ko ka rantse ba za ka sauka a wata ƙasa ba, ba za a bar ka ka hau jirgin ba in babu bizarta. Fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ana fara biyan kafin alƙalami, sauran kuɗin kuma a cika kimanin wata uku kafin tashi, daga nan duk kwanan da ya matso asarar mai fasawa ƙaruwa take yi, shi ya sa nake cewa kada ka cika kuɗi sai biza ta zo hannu. Farashin da za ka gani a talla na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki, don haka ka ninka shi. Ka yi inshorar lafiya wadda ta ambaci tafiyar teku, domin asibitin jirgi ba kyauta ba ne. Kuma ka iso garin da kwana ɗaya a hannu. Jirgin nan ba ya jiran kowa, ba a yi masa waya a ce ga mu nan a Ƙofar Ƙaura.

Ɗakuna iri huɗu ne: na ciki wanda ba shi da taga, mai taga da ba ta buɗewa, mai baranda, sai na alfarma wanda ba namu ba ne. Tafiyarmu ta farko na ciki muka kama don araha, kuma tun asubar farko na gane araha ba ta ado. Duhu ne ƙirin dare da rana, ba ka sanin alfijir ya keto sai agogo ya faɗa maka, ga ɗakin da ƙyar yake ɗaukar darduma ɗaya tsakanin gado da bango, sai dai mu yi salla bi da bi. Tun daga lokacin mai baranda muke kamawa, kuma ga mutum irinka da ya saba shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, wannan ƙarin kuɗin ya fi duk wani ƙari amfani. Ka nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, domin can ne tangaɗi ya fi sauƙi, kuma na san Hajiya ko hanyar Jibiya ba ta yi ba tare da jiri ba. Ka duba taswirar jirgin ka tabbatar sama da ku da ƙasa da ku duka ɗakunan kwana ne, kada ka faɗa ƙarƙashin wurin ninƙaya inda ake jan kujeru tun sassafe, ko saman zauren kiɗa. Akwai wani farashi mai rahusa da kamfani ke zaɓa maka ɗaki da kansa. Wanda bai damu da inda aka jefa shi ba ne yake karɓarsa.

Alƙibla kuwa juyawa take yi da jirgi. Talabijin ɗin ɗaki tana da tasha mai nuna inda jirgi ya dosa, da ita da manhajar waya muke daidaitawa, kuma matafiyi yana da rangwamen ƙasaru. Ku zo da buta, don ba za ku samu ba. Kada Hajiya ta ɗauko kasko da turaren wuta. Mai ɗakina ta yi wannan a tafiyarmu ta biyu, ta naɗe kaskon cikin zane a ƙasan akwati, na'ura ta gano shi, aka kira mu wani ɗaki a hawan ƙasa inda muka tarar da layin masu dutsen guga da kyandir. Wani matashi ya ɗaga kwalbar turaren yana jujjuyawa yana tambaya ko abinci ne, ita kuwa ta cika ta yi fam, har aka ba mu rasit aka ce mu karɓa ranar sauka. A teku babu abin da ake tsoro kamar wuta, don haka ba ni da ta cewa, amma har yau in an tayar da zancen sai ta ce wulaƙanci ne. Humra da turaren fesawa babu mai hana su. Kilishi ma ka bar shi gida, dokar Ingila ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama daga Najeriya ba, yaji dai ka cika mana leda.

Yanzu ga inda ƙayar saƙonka ta fi sukata. Ka tambaya, cikin raha wai, ko Baturen nan da ke tsaye bayan 'yarka a hoto shi ma shayin yake sha. Yaya, wannan yaron da kuke kira Baturen nan ya musulunta shekara biyu kafin ya san ta, kai ne kuma waliyyin da ya karɓi sadakinsa a zauren gidanmu, ko da yake na lura har yau ba ka kama sunansa. Shi ne yake rubuta wa kamfani tun wata biyu kafin tashi a tanadar mana abincin halal, domin wannan ba a ranar shiga ake nemansa ba, kuma in ba a samu ba shi ne yake bin shugaban masu hidimar tebur yana tambayar wane romo aka sa wa giya, mu koma kifi da ganye. Da za mu yi tafiyar bara ya ba da shawarar mu kama ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani saboda jikoki, wanda a wurinsu shi ne hankali, na ce masa atafau. Yaya za a yi in kwana ƙofa ɗaya tsakanina da surukina? Hawa biyu na sa tsakaninmu, har a tebur ma sai da muka yi kwana uku kafin in iya cin abinci sosai a gabansa. In wannan kunyar ba Hausanci ba ce, a gaya mini sunanta. Na yarda jikokina Hausarsu tana ɗingishi, babbar tana cewa “ina kwana” da magariba, abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa, amma ko a Abuja na ga 'ya'yan Katsinawa da ba su kai ta ba, kuma ban ji an cire iyayensu daga dangi ba.

Saura tukuici, wanda shi ne ya fi ba baƙi mamaki ranar ƙarshe. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Kati ake ba ka, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma littafin bashinka, a haɗa shi da katin banki, gara na asusun dala. Manyan kamfanonin Amurka irin su Royal Caribbean da Carnival suna ɗora ladan ma'aikata a kan wannan kati kowace rana, kimanin dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum, har da yara in sun wuce jarirai. In ka ɗauki dala 18, kai da Hajiya a kwana bakwai dala 252 ke nan, mu da muka tafi mu shida kuwa 756. Bayan wannan, duk abin shan da ka saya ana ƙara masa kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, rasit ɗin kuma yana da wani layi na ƙarin tukuici wanda ba dole ba ne, kada ka cike shi bisa kuskure. Kamfanin P&O na nan Ingila ya daina cajin wannan kuɗi tun 2019, don haka in kana kwatanta farashi biyu ka tambayi wanne ne ya haɗa da ladan. In ana yarda a biya shi tun wajen sayen tikiti, ka biya ka huta.

Ana iya zuwa teburin karɓar baƙi a ce a rage ko a cire, kuma za ka ga masu yin layi don haka a daren ƙarshe. Kada in ji labarin ɗan gidanmu a wannan layi. Ma'aikatan nan yawancinsu 'yan Filifin ne da Indiya da Indunusiya, suna yin wata shida zuwa tara a ruwa ba ranar hutu, ba su ga iyalinsu ba. Mu da aka raina a kan cewa ko ɗan aike ya kawo tuwo ba a mayar da kwano haka nan, ba sai Bature ya koya mana tukuici ba. Wanda ya gyara mana ɗaki bara Musulmi ne daga Indunusiya; ran da ya ga buta da darduma ya yi mana sallama cikakkiya, daga ranar kullum sai mu tarar ya ajiye ƙarin tawul a bakin banɗaki saboda ruwan alwala, ya kuma naɗe dardumar ya ɗora a kan kujera, ba ya barin ta a ƙasa. Ranar sauka mai ɗakina ta sa masa kuɗi a ambulan ban da wanda aka cire a kati, ta haɗa masa da rabin yajinmu.

Ka kashe intanet ɗin wayarka da zarar jirgi ya bar gaɓa, domin layin da waya ke kamawa a tsakiyar teku yana cin kuɗi kamar gobara. Kuma in ka tsai da shawara ta nan za ku tashi, ka turo mini hoton shafin farko na fasfo ɗinku in fara shirya takardar gayyata, ka zaɓi watan Yuni ko Yuli saboda sanyi da ƙafar Hajiya. Ɗakin baƙi yana nan, surukin naka kuma ya ce shi zai ɗauko ku daga filin jirgin Heathrow.